Rasuwar Akwatin Tururi, Saura Ƙafa Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, nake sanar da 'yan uwa, abokan sana'ar kafinta da maƙwabta rasuwar akwatin tururina, wanda ya cika ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, a bayan shago, yana da shekara goma sha ɗaya.

Ni na haɗa marigayin da ragowar katako huɗu, tsawonsa ƙafa shida. Aikinsa ɗaya ne: a zura masa katako, a haɗa shi da tukunyar ruwa ta tiyo, a hura wuta, shi kuma ya riƙe tururi har katakon ya yi laushi ya yarda a lanƙwasa shi. Awa ɗaya ga kowane inci na kauri. Bai taɓa yarda a rage masa minti biyar ba, kuma duk ranar da na gwada, katako ya karye a hannuna.

Ba mai yawan surutu ba ne. Idan ya ɗau zafi sai ya ce “fsss”. Daga nan sai “ɗis, ɗis”, ta wata 'yar ɓula da na huda masa a gindi domin ruwa ya riƙa fita, tururi ya samu hanya. Wannan ɗigar ita ce numfashinsa.

Ranar Litinin mijin ƙanwata, mai gyaran famfo, ya zo gaisuwa ina wajen sayen ƙusa. Mutum ne da shekara ashirin bai ga ruwa na ɗiga ya wuce ba. Ya toshe ɓular, ya bi duk tsagar da ke jikin akwatin da gam, ya tafi bai faɗa wa kowa ba. Washegari na hura wuta kamar kullum. Na lura marigayin ya yi shiru, na ɗauka tsufa ne. Bayan minti arba'in ya ce “bum”. Ƙofarsa ta daki bango, cikinsa ya rabe gida biyu.

Da na kira mijin ƙanwar tawa, cewa ya yi, “Haba Yaya, abin fa yoyo yake yi. Ko na gode ba ka ce ba.”

Marigayin ya bar tiyo ɗaya, ƙarafan matsi guda takwas, da tukunyar da na aro daga kicin tun ranar haihuwarsa. Matata ta riga ta ɗauke ta. Ta ce ta yi mini ta'aziyya, amma tukunya ba za ta sake aure ba.

Ya kuma bar aikin da bai ƙarasa ba. Mahaifinmu, mai shekara tamanin da uku, ba ya iya kwanciya saboda ciwon baya, a zaune yake samun barci. Wata biyu da suka wuce ya roƙe ni kujera mai lilo. Irin wannan kujera kan lanƙwasassun ƙafafu biyu take tsayawa. An lanƙwasa ta farko makon jiya. Ta biyu tana cikin marigayin lokacin da abin ya faru, kuma ta tsage. Haɗa sabon akwati, a gwada shi, a lanƙwasa, a jira katako ya bushe, ba zai gaza mako uku ba. Na gaya wa Baba haka. Ya ce, “To, ɗan nan, zan yi ƙoƙari in jira.”

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a bayan shago, inda za a zare ƙusoshin marigayin ɗaya bayan ɗaya. Ana roƙon masu zuwa, maimakon doguwar gaisuwa, kowa ya riƙo katako mai kyau da guduma, domin daga wurin za a fara haɗa magajinsa. Mijin ƙanwata zai iya zuwa, amma za a caje aljihunsa a bakin ƙofa.

Baba ya ce zai halarta. Za a fito masa da kujerar, a jingina ta da bango, a sa bulo biyu a gefen da babu ƙafa.