Rasuwar Katantanwa, Saura Kwana Biyu a Kama Hanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannayen da har yanzu baƙin mai bai fita daga farcensu ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar motarmu, wadda aka fi sani da Katantanwa. Ta rasu ranar Talata da safe a ƙofar gida, tana da shekara ashirin da shida, saura kwana biyu mu kama hanya.

Marigayiyar ta fara rayuwa ne a matsayin motar raba burodi. Shekara uku da suka wuce na ɗauko ta daga bayan wani gareji, kaza na kwance a kan ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. Kafinta ya yi mata gado, mai walda ya ɗaura mata wurin jarkoki, matata ta ɗinka mata labule. Maƙwabta ne suka sa mata suna, wai ga ta da ɗaki a baya amma ba a taɓa ganin ta je ko'ina ba. Ba ta taɓa riƙe su a zuciya ba. Ni ne na riƙe su.

Ga wanda bai san dalilin wannan wahala ba, dalilin shi ne Baba. Mahaifina yana da ƙanwa guda ɗaya a duniya, Gwaggo, wadda aure ya kai wata ƙasa shekara talatin da takwas da suka wuce. Tsakaninmu da ita akwai iyaka uku, da wata hanyar duwatsu da motar haya ba ta hawa. Gwaggo ba ta da ƙafar tafiya. Baba kuma ba shi da bayan da zai yi awa biyu a zaune, sai a kwance. Suna gaisawa a waya, amma ya ce murya ya ji ta ishe shi, fuskarta yake so ya gani. Idonsa na dama ya riga ya tafi. Na hagu kuwa, likita ya ja ni gefe ya ce in akwai abin da tsohon nan yake son gani, a nuna masa kafin wata huɗu.

Marigayiyar ta ɗauki wannan nauyi ba tare da ƙorafi ba. Mai haƙuri ce, ba ta da shan mai, ba ta taɓa zafi ta kunyata ni a gaban mutane ba. Da safe sai ta ce kir-kir-kir sau biyu, ta yi tari ɗaya, sannan ta ɗauki gunjinta mai sanyi. Ta jure gwajin katifa huɗu kafin a sami wadda bayan Baba ya yarda da ita. Ta jure ni ma, da taswirata da na manna mata a bango, na zana kowane masauki da jan biro, da inda za a sha mai, da inda za a kwana, da iyakar da ake rufewa da wuri. Ta haddace hanyar nan tsaf. Ko ƙauyen farko ba ta gani ba.

Game da ciwon ajalinta, wajibi ne in faɗi gaskiya, ko da a takarda ne. Ni ma'aikacin kantin magani ne, abin da na iya a duniya shi ne rubuta gargaɗi in manna. Ranar Litinin da yamma na ce bari in yi mata juyen baƙin mai na ƙarshe da hannuna. Na kwance notin ƙarƙashin inji, baƙin mai ya tsiyaye tas a roba. Da na buɗe sabon galan sai na ga ba irin nata aka ba ni ba, kuma shagon da na saye shi ya rufe. Na ɗauko takarda na rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu mai a inji, kada kowa ya tayar. Na manna a tsakiyar sitiyari, na shiga gida ina ganin na yi dabara.

Baba tsohon direban babbar mota ne, kuma aikin da ya ɗora wa kansa shi ne ɗumama injin kowace safiya. Makulli ɗaya yana aljihunsa, ba mai karɓa. Na sani sarai. Amma duk ranar Allah sai in ga ya buɗe jarida yana gyaɗa kai, na ɗauka manyan baƙaƙe ba za su gagare shi ba. Ashe jaridar riƙe ta kawai yake yi don hankalinmu ya kwanta.

Ina shagon mai lokacin da abin ya faru. Baba ya shiga motar, ya ji takarda a kan sitiyari, ya cire ta ya ninke da kyau ya ajiye mini, a zatonsa ɗaya ce daga cikin takardun tafiya. Ya tayar da motar, ya koma baya ya miƙe a gado kamar yadda ya saba, wai yana koya wa bayansa tafiya. Matata ta ce daga kicin ta ji gunjin ya sauya, ya koma ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana buga tukunya da cokali. Kafin Baba ya lallaɓa ya kai hannu ga makulli, motar ta yi gaf sau ɗaya ta yi shiru. Bakanike ya zo, ya leƙa, ya goge hannu, ya ce injin ya buga, sai dai wani.

Baba ya miƙo mini takardar a ninke, ya tambaye ni me ya sami motar. Na ce tsufa ne.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu sababbi da safaya biyu, da jarkoki shida, da risho, da igiyar ja da ba ta taɓa jan kowa ba. Ta bar fasfo uku masu ɗauke da bizar da za ta mutu nan da kwana ashirin da shida, wadda sai da na yi wata bakwai ina zarya kafin a buga ta. Ta bar hanyar duwatsu da ruwa zai rufe da zarar damina ta sauka. Ta bar Gwaggo, wadda aka ce ta sa an share ɗaki an shanya katifa, kuma har yanzu ban iya ɗaga wayarta ba. Ta bar jakar Baba a bakin ƙofa, ya hana a mayar da ita ciki. Ta bar ni, ban san inda zan sa kaina ba. Na zagaya gareji goma sha ɗaya, kowa ya ce irin wannan injin an daina ganinsa.

Za a yi zaman makoki a ƙofar gida, a gefen gawar, daga yau har ranar Asabar da yamma, lokacin da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo da motar ja. Na roƙe su kada su zo da wuri. Ba a buƙatar kujeru ko abinci. Duk wanda yake da inji irin nata, ko ya san mai shi, ko yake da motar da tsoho zai iya kwanciya a cikinta, don girman Allah ya zo, ko a wane hali take. Zan mayar da ita da hannuna, a wanke.

Ana roƙon masu ta'aziyya su zauna ta hagun Baba, don ta nan yake ganin inuwar mutum. In ya tambayi sanadin rasuwar, a ce kwana ne ya ƙare. Kada kowa ya ambaci takarda.

Kuma a taimaka a yi sauri. Jiya da rana ya sa na ɗauko masa hoton Gwaggo, babban da na wanko masa bara. Ya fita da shi cikin haske, ya kai shi har kan hancinsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mini ya ce, “Wannan hoton ya koɗe, a sake wanko wani.”

Hoton bai koɗe ba.