Ranar da Na Kashe Kawu Sale

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe Kawu Sale ba. Ku kwantar da hankalinku, yana nan da ransa a Nariya, jiya ma na wuce shi yana facin taya a gindin darbejiya.

Ni dai marubuciya ce ta waya. Kullum da safe nakan saki shafi ɗaya na littafina a guruf, da sunan aro, kafin in gama wanke-wanke an karanta a Damagaram, an karanta a Kumasi. Wata baiwar Allah daga Makka har imel ta turo min, wai labarina ya sa ta kuka. Ni da ko Kaduna ban taɓa takawa ba! Abin yana ɗaure min kai, kuma gaskiya kan nawa ya kumbura.

Da na buƙaci wani tsoho a labarin, lalaci ya hana ni ƙirƙira. Na ɗauko ƙanin mahaifiyata ɗungurungum, Malam Sale mai gyaran keke na Nariya. (A wautata, wa zai san shi a Kumasi?) Da aka zo inda tsohon zai mutu, na ce bari in burge masu karatu. Na rubuta shi sak yadda ake sanarwar rasuwa, da salati da komai, har da cewa jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidansa. Ashe wata ta yanko wannan wurin kaɗai ta tura gaba.

Ranar ina gidan Kawun ina taya matarsa, Inna Hajara, surfe, shi kuma yana gona wayarsa ba caji. Bayan azahar sai ga babura. Daga Kibiya, daga Rano, daga Rurum Sabon Gari, har da mota cike daga Kano. Maƙwabta suka ɗauka a gona ya faɗi, Inna Hajara ta saki taɓarya ta zube, sai da aka yayyafa mata ruwa. Wani ya nuna min sanarwar a wayarsa, na ga rubutuna ne harafi da harafi. 

Na leƙa waje, wallahi ban taɓa ganin taro irin wannan a unguwarmu ba. Abin da na danna da yatsa ina shan koko! A gefe ga Kawu Idi, yayan Kawu Sale na Zinyau, wanda suka yi shekaru ba sa ko gaisawa saboda iyakar gona. Dattijo yana kuka wiwi yana cewa, "Ya tafi ban nemi gafararsa ba."

Ana cikin haka sai ga mamaci ya ɓullo da fartanya a kafaɗa. Mata suka watse da salati. Kawu Idi kuwa ya miƙe ya rungume shi ya ƙi saki.

Da ƙura ta lafa aka shiga neman wanda ya ƙulla abin. Wani malamin firamare ya binciko cikakken shafin, ya karanta da ƙarfi, har inda na ce tsohon yana minshari kamar injin niƙa, kuma yana ɓoye goro a cikin hula don kada a roƙe shi. Inna Hajara ta ce, "Wannan ɗan gida ne. Babu baren da ya san zancen hular nan." Idanu suka juyo kaina, ni da kowa ya san kullum kaina a sunkuye kan waya. Na durƙusa a gaban jama'a, na ce, "Kawu, ni ce. Labari ne kawai."

Ya daɗe yana kallon mutanen nan, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ashe haka za a taru min?" Sannan ya dube ni. "Tashi 'yar nan, na yafe. Amma in za ki ƙara kashe ni, ki bari sai an yi girbi, kin ga baƙin nan za su ƙarar min da 'yar dawar da ta rage."

Tun daga ranar, duk wanda zan kashe a littafi sai na fara tambayar Umma ko muna da mai irin sunansa a dangi.