Dutsen da Na Kafa a Gonar Baba Ilu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta farkon daminar bara waccan ba. Ƙarfe tara saura kwata na safe ne, a gefen wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa. Mahalarta su ne ni da abokan aikina malaman sakandare su biyar, da mai unguwa, da manoma wajen ashirin waɗanda ban gayyata ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne, kuma a shekarar ne na kamu da wani wasa da na tsinto a intanet, wai shi jiyokashin. Mutum zai ɓoye 'yar ajiya a wani wuri, da littafi da fensir a ciki, ya ba abokan wasa lambobin wurin a taswirar waya. Wanda ya gano ya rubuta sunansa, ya mayar da ita yadda ya same ta. Gwanaye kan ƙara wa abin gishiri, su yi bayanin da rubutun sirri, sai ka warware kafin ka buɗe. (Akwai kuma ƙa'idar da ta ce a nemi izinin mai wuri. Na karanta ta, na gyaɗa kai, na wuce.)

Wasu a kogon itace suke ɓoyewa, wasu a gwangwani. Na ce wannan aikin 'yan koyo ne. Na je wurin mai buga bulo a unguwarmu, ya zuba mini wani dutsen siminti mai kusurwa huɗu, cikinsa rami, murfinsa a ƙasa. Na sayi jan fenti na jera lambobi a jikinsa. Kowane harafi na ba shi lambarsa, sannan na ƙara bakwai a kai don in ɓad da sawu. Malam Nasiru, malamin lissafinmu, ya kwashe hutun ƙarfe tara yana fama da hoton lambobin bai warware ba. Mako guda na yi ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Ran wata Alhamis na ɗaura dutsen a babur, na samu wani fili a gindin duwatsu, babu shuka babu gini. Na yi ta taku ina duba waya, na ɗauki hotuna, na haƙa rami na binne rabinsa. Can nesa na hango wani dattijo a ƙarƙashin ɗorawa yana kallona. Na ɗaga masa hannu, ya ɗago mini biyu har da rusunawa. Na ce a raina, mutanen karkara akwai ladabi.

Bayan kwana tara muka dawo nema. Nasiru ya aro farar motar yayansa mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ma'aikatu ke fita rangadi da ita. Ni kuma na dage kowa ya sa rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi, wai saboda tsaro. Da muka isa babu abin da za a nema: an kewaye dutsena da ƙaya, an share gindinsa tas. Gonakin da ke kewaye duk gero ya fito layi-layi, wannan kaɗai ce fayau, sai tsibin taki nan da can. Har na fara yi wa abokaina darasi kan amfanin hutar da gona.

Ban gama ba sai ga mutane. Aka kawo kujera guda ɗaya, aka ajiye ta a bayana. Mai unguwa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya kira ni yallaɓai darakta, sannan ya shiga bayani. Ya ce sun ga dutsen awon da muka kafa, kuma ba su bari ko akuya ta taɓa shi ba. Sau biyu ya je sakatariyar ƙaramar hukuma tambaya, aka ce ba a san da maganar ba, shi ya sa suka gane daga sama take. An kuma gaya musu duk wanda ya yi shuka bayan an kafa dutse ya yi wa hukuma taurin kai. Don haka mai gonar, Baba Ilu, yana ji yana gani ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka shuka, shi irinsa na nan a ɗaki.

A nan ne ya kamata in yi ikirari. Tun jimla ta biyu na gane abin da na aikata. Amma na ci gaba da zama a kujerar, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, domin ban san ta inda ake tashi daga irin wannan kujera ba.

Baba Ilu ya matso. Shi ne dattijon ƙarƙashin ɗorawa. Ya durƙusa, mutumin da ya haifi kamata, ya ce, "Yallaɓai, ba jayayya na zo yi ba. A bar ni in shuka ta bana kawai. In na cire amfanina, sai ku yi abin da ya kawo ku."

Na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya, Allah ne shaida. Abin da ya fito shi ne, "Za mu duba."

Nasiru ya shiga tari kamar zai shiɗe.

Duk wannan lokaci akwai wani mutum tsugune a gaban dutsen yana zane a ƙasa da tsinke. Malam Hudu ne, mai makarantar allo ta ƙauyen, wanda jiya-jiya ya dawo daga Jahun. Ya ɗago a hankali ya tambaye ni ko wannan takwas ɗin da ta cika wurin ba "a" ba ce, tunda Bahaushe ba ya taku biyu bai furta ta ba. Ya ce to in haka ne bakwai aka ƙara, ya share ƙasa da tafin hannu ya sake jerawa. Bai kai minti biyar ba ya karanta wa jama'a da muryar da yake biya wa ɗalibai karatu:

"Mai basira ya ajiye. Juya ni." Ya dube ni. "Yallaɓai, gwamnati ce mai basirar, ko akwai wani?"

Na tashi daga kujerar. Na janye ƙayar da hannuna, na tumɓuke dutsen, na juya shi a gaban kowa na cire murfin. Ga abin da ya hana bawan Allah shuka kwana tara: littafi ɗaya, fensir ɗaya, usur na roba, mariƙin makulli biyu, da dabino bakwai da tururuwa ta riga mu ci. Na yi bayanin wasan dalla-dalla, kuma ban taɓa jin bayani yana ƙara lalacewa da tsawonsa kamar wannan ba. Mai unguwa ya tambayi abin da ake samu in an gano. Na ce a rubuta suna. Ya ce sai kuma me? Na ce shi ke nan. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya cikin rigunanmu masu ƙyalli.

"Kuma dukkanku da iyali?" in ji shi.

Samari suka fara gunaguni, wani ya ambaci ofishin 'yan sanda, kuma da an kai mu ba a zalunce mu ba. Baba Ilu ya zauna dirshan a ƙasa yana ta hamdala. Da ya nutsu sai ya ɗaga musu hannu, ya ce mutumin da ya kawo masa labarin gonarsa tana nan ba zai kai shi ƙara ba. Ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce ruwan shekaranjiya bai gama bushewa ba. Sannan ya juyo gare ni, kalmar yallaɓai ta riga ta faɗi a hanya.

"Ɗana, kun iya shuka?"

Ba mu iya ba, amma mun yi. Shi da 'ya'yansa suna sara da sungumi, mu shida muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige, har aka kira azahar. Lokaci-lokaci sai in ji daga gaba, "Mai basira, kaɗan-kaɗan, ba kaji kake ba ba." Daga gidansa aka kawo mana fura mai sanyi, muka sha muna kallon ƙasa. Kafin mu tafi na miƙa wa Malam Hudu littafin, tunda bisa ƙa'ida shi ya fara ganowa. Ya rubuta sunansa da ajami, ya ba ni shawara in daina ƙara lamba iri ɗaya a kowane harafi. Baba Ilu ya ce in dai wasa ne, in riƙa ajiyewa a kogon ɗorawarsa, amma in yi sallama tukuna.

Har yau in na tuna sai in gode wa Allah da ya haɗa ni da mai haƙuri, ya kuma dawo da Malam Hudu daga Jahun kafin "za mu duba" ta kwana. Na kuma koyi abin da ba ya cikin littafin da nake koyarwa: taswira na nuna dutse da hanya da rafi, amma ba ta nuna mai wuri. Shi sai an sauka daga babur an gaisa ake ganinsa.

Geron Baba Ilu ya nuna bayan na maƙwabta da kusan mako guda, ya samu dami goma sha takwas a inda ya saba samun ashirin da biyu. Duk da haka ya aiko mini da tiya guda. Dutsen yana ƙofar gidansa, a jikinsa ake ɗaure rago.