Kwale-kwale a Tsakar Gidanmu

"Gajiya kam babu, sai ta auren tsohon da ya kafa jirgi a kan bulo yana jiran iska."

Da haka Hasana, 'yata ta fari, ta amsa sannu da zuwan kakanta ran Alhamis bayan la'asar. Ta shigo da fararen kayanta na asibiti, da kwali a hammata. Mahaifina, Malam Inuwa, yana inda ya saba, cikin tsohon kwale-kwalensa da muka ɗora a kan bulo a tsakar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi tun shekarar da aka yi masa aiki a ƙashin baya muka ɗauko shi daga bakin dam ɗin Tiga. Ni ina ɗaki, ina jin su ta taga.

Laifin nawa ne. Likita ya hana Baba sunkuyo, shi kuwa da ƙananan kifi masu rai yake kama manya, wuni yake yana sunkuyawa yana sauya musu ruwa da ƙwarya. Da ya dame ni da maganar komawa ruwa, na ce in Asabar ta zo ba a samu dabarar da za ta raba shi da ƙwaryar nan ba, mai shayin bakin titi zai ɗauki jirgin ya fasa ya yi benci. Da zafi na faɗa, kuma girman kai ya hana ni janyewa. Shi ne Hasana ta ɗauki abin a kanta.

"Me kika kawo wa mijinki a kwali? Allah ya sa ba allura ba ce."

"Injin jan ruwa ne. Allura asara ce a jikinka, lanƙwashewa take."

"Fatar da giwan ruwa ya ja ta tun daga Tiga har Wudil ba ta yage ba?"

"Bara ka ce har Rano."

"Kifin girma yake yi, yarinya."

Tun jiya ta ɗaure tankin roba a tsakiyar jirgin. Yanzu ta durƙusa ta kafa ɗan injin, ta haɗa shi da batir, ta zura tiyo ɗaya a sama inda ruwa zai shiga, ɗaya a gefe inda zai fita in ya cika. A dam, ta ce, bakin tiyon cikin ruwa zai kwanta. A nan gida sai dai cikin baho. Baba yana ta ba da umarni kamar shi ya ƙera injin, alhali ko fitilar wayarsa sai an kunna masa. Ya ce hannunta na riƙe ludayi ne, ta ce ai shi ya sa bai taɓa cin tuwonta ya rage ba.

Ta juye rabin 'yan karfasar da ta sayo a Tarauni cikin tankin, ta murɗa makunni. Ruwa ya fara zuba a hankali, cururu.

Sai Baba ya jingina, ya lumshe ido. Can ya fara magana ƙasa-ƙasa, ba da ita ba, ba da kowa ba. Wai ga hazo kwance a kan ruwa da asuba, ga balbelu sun taso daga tsibiri a jere, ga warin ciyawar bakin gaɓa. Wai in ka daina tuƙi, har ƙarar kifi kake ji yana juyi a ƙarƙashin katako. Ya sauke hannu ɗaya ta gefen jirgin yana shafa iska da yatsu. A waje 'yan adaidaita na ta hon, amma wallahi ni ma daga ɗaki sai na ji kamar gidan yana lilo. Rabon da in ga fuskarsa haka har na manta, kuma na ji kunyar kaina.

"Kaka," in ji Hasana. Ba ta ce tsoho ba. "Kifin sun juya ciki sama."

Ya buɗe ido, ya leƙa, ya tsoma yatsa ya sansana.

"Da me kika wanke tankin nan?"

Ta ce da maganin da suke wanke ɗakin tiyata, sau uku, don kada wata cuta ta kama su. Ruwan bahon ma na leda ne, ta fasa ɗaya bayan ɗaya. Tana faɗa tana tsamo matattun kifin, don ta san jibi Asabar.

Baba ya yi dariya har da tari.

"Kin kwantar da su a gadon asibiti, kin sallame su gaba ɗaya. Haka kike wa mutane?"

"Mutane ba sa mutuwa don an yi musu tsabta."

"Kifi ɗan gidanmu ne, ba ya son wanka."

"Na ga alama. Shi ya sa kuka shaƙu."

Ya sa ta cuɗe tankin da yashi da toka, ta ɗauraye har hannunta ya yi fari. Sannan ya nuna mata duron da ke bayan ɗaki, inda ruwan sama ya kwana biyu ya yi kore shar. Ta toshe hanci, ta ce wannan ko akuya ba za ta ba wa ba. Ya ce ta ɗebo dai. Ta ɗebo tana tsaki, ta cika bahon, ta sa ragowar kifin, ta sake kunnawa.

Suka zuba wa tankin ido su biyu, kai da kai. Minti goma, ashirin. 'Yan karfasar suka jeru suka fuskanci inda ruwan ke sauka, suna kaɗa bindi. Babu wanda ya juya. Ni kuwa na ɗauki waya na gaya wa mai shayi ya nemi katako a wani wurin.

"To, amarya, kin ci," in ji Baba. "Ruwan nawa ne, amma ƙarfen naki ne. Tashi ki koma can gaba ki zauna."

"Can inda ka hana kowa ko ajiye buta?"

"Wurin kakarki ne. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya zauna. Ran Asabar in mun hau ruwa, ina son in ɗaga ido in ga mutum."

Hasana ta daɗe tana goge hannu a jikin farar rigarta. Ta taka a hankali ta wuce tankin, ta zauna, ta juya masa baya don kada ya ga idonta.

"Ƙusa ta fito a kujerar nan," ta ce.

"Ita ma haka ta yi ta faɗa," in ji Baba yana dariya. "Matsa hagu kaɗan."