Rasuwar Karanshaf ɗin Motar Hajiya Ramla

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan tsoro a gefe, ni Malam Yari na Ƙofar 'Yandaka nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar karanshaf, ƙashin bayan injin motar gidanmu. Ya karye gida biyu ranar Talata da hantsi, muna tsakiyar titi.

Marigayin ya shekara talatin da ɗaya yana juyi, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Ya yi wa surukina hidima, Allah ya jiƙansa, sannan ya zo gidana cikin gadon matata, Hajiya Ramla. Ita ta ba ni makulli bisa sharaɗi ɗaya: in riƙa juyen baƙin mai a kan lokaci.

Jinyar ta fara ne da wata jar fitila a gaban sitiyari. Da ta dame ni, sai na liƙe ta da sitika mai cewa Allah ya kiyaye hanya. Daga baya marigayin ya soma kira daga ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na yi masa magani da ƙara muryar rediyo. Shekara uku ina yi masa ciko da man kwalba na bakin titi, kuma duk sanda Hajiya ta tambaya ko an yi juye, in ce an yi. A fahimtata, ciko ƙanen juye ne.

Muttaka bakanike ya tsoma yatsa a man injin ya shinshina, ya ce, "Malam, wanga ai kwalta ce." Wai mai ya daina zagayawa, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe a bushe har ya tsage. Na roƙe shi ya ce tsufa ne. Ya ce shi ba ya ƙarya a kan gawa.

Marigayin ya bar fistin huɗu marayu a cikin inji, da rediyo mai cikakkiyar lafiya, da sitikar, wadda har yanzu tana nan daram.

Za a sauke inji ranar Asabar bayan la'asar a garejin Muttaka da ke Ƙofar Kwaya. Hajiya ta ce ita ma za ta je ta ga cikinsa da idonta. Ana roƙon jama'a su zo da yawa, su tsaya kusa da ni. Addu'a kuwa, marigayin ya riga ya huta, a yi wa direba.