Sanarwar Rasuwar Balbela, Jirgin da Yayana Ya Ƙera

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta hana ni ɗaga kai, nake sanar da 'yan uwa da abokan wasan jirage rasuwar Balbela, ƙaramin jirginmu na rimot. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a filin bayan makaranta, tana da shekara shida a sama.

Yayana mai gyaran agogo ne ya ƙera ta, a kan teburinsa, tsakanin agogunan mutane. Wata goma sha ɗaya ya yi yana yanka katako marar nauyi yana mannawa. Da hannunsa ya fara rawa, har ƙaramin sukuru ya gagare shi ɗauka, sai ya miƙa mini ita da rimot ɗinta, ya ce in riƙe amana.

Marigayiya mai biyayya ce. Ba ta taɓa juyawa hagu an ce mata dama ba. Idan ta tashi takan ce “fuuuu” a hankali, ba irin ihun jiragen wasu ba. Idan ta zo sauka sai ƙofofin cikinta su ce “ƙyas”, tayoyi su biyo baya da “ziiit”, ta taɓa ƙasa a natse.

Ciwon ajalinta ni na jawo mata. Tayoyin nan ƙananan injina ne ke motsa su, waɗanda muke kira sarbo, kuma a rimot ake tsara wa kowanne lokacin motsinsa. Na ga saukarta ta yi sauƙi da yawa, ina son mutane su yi tafi. Sai na zauna ranar Juma'a na sake tsarin: ƙofofi su buɗe, a jira sakan biyu da rabi, sannan tayoyi su sauko da yanga. Wajen rubuta 2.5 na bar ɗigon, ya zama 25. Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi, ina rage wa yara maki a kan ɗigon nan. Matata ta ce in gwada a kan tebur kafin in fita da ita, na ce na san aikina.

A filin na danna maɓalli, na ga ƙofofi sun buɗe, ban jira ganin sauran ba. Balbela ta sauko a kan cikinta, ta ja ƙasa, ta daki ƙarfen ragar ƙwallo, ta kife. Muka taru a kanta. Muna tsaye sai muka ji “ziiit”. Tayoyin suka fito a hankali suna kallon sama, daidai lokacin da na ba su.

A nan na ƙara laifi a kan laifi. Na ce wa mutane sarbo ne ya gaji, haka kuma na faɗa wa Yaya. Kwana huɗu ke nan yana kwance wannan ɗan injin da hannu mai rawa, gilashi a ido, yana neman inda ya yi kuskure shekara shida da suka wuce. Jiya matarsa ta ce mini ko abinci sai an yi da gaske yake ci.

Ta bar fiffike ɗaya lafiyayye, batura uku, caja, kwalbar gam da ba a gama da ita ba, da rimot wanda ya san komai. Ta bar mahaifinta, wanda ba zai iya ƙera wata ba.

Za a yi sallama da ita ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shagon Yaya. Za a sa ta a kwalin da take kwana, a ɗora a saman kabad. Masu zuwa kada su yi mini ta'aziyya, shi za su yi wa. Zan zo da rimot, ban taɓa lambar ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya riga ni faɗa masa.