Gwaggo Ordi Ta Tafi Da Lissafin Damina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da ko rumbu ɗaya bai yi irinta ba bana a duk ƙasar Kance, gidan Malam Shekara na bayan tasha, Matameye, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabta, da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar kwamfutar gidan, wadda aka fi sani da Gwaggo Ordi. Ta cika ranar Litinin da hantsi a kan teburin wani mai gyara a Damagaram, bayan jinyar kwana goma sha tara. Ba a san shekarunta na gaskiya ba, don da tsufanta ta shigo ƙasar nan.

Marigayiya ta iso Matameye shekara uku da suka wuce, a cikin buhu, bisa kan Hamisu ɗan gidan, wanda yake cin rani a Kano. Sauran samari sun kawo wa iyayensu atamfa da shinkafa. Hamisu ya san ubansa, sai ya kawo masa abin da ba a ci, ba a ɗaurawa.

Ga wanda bai san maigidan ba, Malam Shekara shi ne dattijon nan da aka kora daga lakwal, makarantar boko, a aji uku saboda kallon tsuntsaye ta taga, ya koma makarantar allo, can ma bishiyar da ake karatu a ƙarƙashinta ta fi ɗauke masa hankali. Malantar tasa mutanen gari ne suka ba shi, kuma har yau in sun faɗa sai sun ɗan gyara murya. Tun yunwar saba'in da huɗu ya fara rubuta abin da sama take yi. Ranar da shamuwa ta fara sauka a kan tsamiyar bakin kasuwa. Ranar da gawo ya zubar da ganye. Ranar da tururuwa ta kwashe ƙwai ta hau tudu. Ya rubuta ɗan maraƙi mai kai biyu da aka haifa a Ɗan Barto, da tauraruwa mai wutsiya, da hawainiyar da ta kwana uku a kan igiyar shanya ba ta sake launi ba. Amma uwar aikin ita ce ƙidaya guda: kwana nawa ne tsakanin saukar shamuwa da ruwan shuka na gaskiya, kuma a wace irin shekara ruwan farko yake zama na yaudara, ya tsirar da gero sannan ya bar shi ga rana. Da wannan ilmi Malam ya hana mutanen Dawce shuka sau bakwai. Sau biyu sun dawo sun yi masa godiya. Sauran biyar ɗin ba nan ne wurin tuna su ba, ana cikin makoki.

Littafi goma sha huɗu ya cika. Da marigayiya ta zo, Hamisu ya ce da ubansa wannan ba ta mantuwa, gara ba ta cinta, ɗigon ɗaki ba ya wanke mata tawada. Malam ya zauna rani biyu yana juye littattafan a cikinta da yatsa ɗaya, yana farautar kowane harafi kamar mai neman allura a cikin ƙaiƙayi. Da ya gama, ya dubi tarin takardu, ya ga tsohon yayi, ya miƙa wa uwargida Ladi mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. Wata biyar mutanen Matameye suna cin ƙosai a cikin tarihin daminarsu. Bawa mai facin taya ya ce shi a cikin daminar tamanin da biyar ya karya kumallo, kuma ta yi mai sosai.

Halayen marigayiya ba su ɓuya ga kowa ba. Mace ce mai natsuwa, ba ta taɓa yin gaggawa a kan komai ba. In an tashe ta da safe, mutum yakan yi alwala, ya sha koko, ya leƙa akuya, ya dawo ya tarar tana miƙa. Takan fara da fuuuu, sai tiit guda ɗaya, sai ta ɗaga tutarta mai launi huɗu, sannan ta yi wannan sallama tata mai daɗi, tan, tan-taran, taaan, wadda har kajin gidan suka sani. In ka yi mata ba daidai ba, ba ta zagi, dum kawai take cewa, ta bar ka da kunyarka. A fuskarta akwai wani tudu mai koriyar ciyawa da farin gajimare a bisansa. Tun da daminar bara ta watse, wannan ne kaɗai kore da ya rage a unguwar, har akuyar gidan ta taɓa shiga ɗaki ta lashe shi. Marigayiya ba ta riƙe ta a rai ba.

Ciwon ajali ya same ta a bakin aiki. Ran nan shamuwa ta sauka, da wuri fiye da yadda aka saba, Malam ya dawo daga gindin tsamiya har yana tuntuɓe, ya buɗe lissafin, ya ɗora yatsa zai rubuta, sai masu kuran, wato wutar lantarki, suka ɗauke abinsu. Ba a zarge su ba, aikinsu suke yi, kuma sun ƙware. Da wuta ta dawo aka tashe ta. Ta yi fuuuu, ta yi tiit, ta ɗaga tuta. Sai fuskarta ta rikiɗe ta yi shuɗi kamar an tsoma ta a marina, wani farin rubutu ya gilma, ta mutu, ta sake tashi da kanta, ta sake ɗaga tuta, ta sake faɗuwa. Haka ta wuni. Malam, wanda ya ga jamhuriya shida da idonsa, kowace ta ɗaga tuta ta faɗi, ya gane ciwon tun kafin a kira kowa.

Aka kira Inusa mai gyaran salula a tasha. Ya tuɓe takalmi, ya zauna, ya yi ta dukan maɓalli guda a saman kilabiye, allon haruffanta, kamar mai kiɗan kalangu, har wani baƙin allo ya fito da farin Faransanci. Marigayiya tana ba da haƙuri bisa damuwar da ta jawo, ta kuma jera hanyoyi ta ce a zaɓa. A ƙasa tana ƙirga talatin, in ba ka zaɓa ba ta zaɓa maka. Malam ya ce wannan tsarin ma ya san shi, a rediyo aka karanta shi watanni uku da suka wuce, bayan kiɗan soja.

Hanya ta farko, in ji Inusa, ita ce wadda ba a faɗuwa a cikinta. Aka bi, ta jero layuka sun kai arba'in, ta tsaya cak a kan na ƙarshe, ta faɗi. Ta biyu ita ce komawa ga halin kirki na ƙarshe da aka sani. Nan Malam ya riƙe hannun Inusa.

"Tsaya, ɗana. Wace shekara za ta mai da mu?"

"Baba, jiya kawai take nufi."

"To ba ta san ƙasar nan ba. Danna mu gani."

Aka danna. Ita ma ta neme shi ba ta samu ba.

Daga nan ba irin maganin da ba a yi ba. An cire mata duk wayoyi an mayar. An buɗe cikinta, aka tarar da gizo-gizo da iyalinsa suna zaune lafiya, aka tashe su ba tare da sanarwa ba. Inusa ya zare wasu sanduna biyu masu haƙoran zinariya, ya goge su da abin goge fensir, ya busa musu iska ya mayar. Ya sake mata wani ɗan batir mai kamar maɓallin riga, ta farka tana rantsuwa cewa ana cikin shekara ta dubu biyu da biyu, Malam ya ce a bar ta can, an yi ruwa a shekarar. An kawo faifan gyara daga wani sibar, shagon intanet, ashe faifan ya fi ta jin jiki. Bawa ya leƙo ya ba da shawarar a yi mata hayaƙin habbatussauda. An gode masa, kuma da ya tafi an gwada.

A rana ta goma sha takwas Malam ya naɗe ta a bargo, ya rungume ta a cinya cikin motar haya zuwa Damagaram. A shingen hanya wani mai kaki ya ce a kunna ta ya ga abin da ke ciki. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka iya, ka hutar da ni tafiyar." Aka ɗaga musu igiya.

Cha'ibu, babban mai gyara, ya ciro ƙwaƙwalwarta ya jona a wata kwamfutar. Gidan yana farin cikin shaida wa jama'a cewa an samu abubuwa da dama da ransu. Waƙoƙin Indiya ɗari huɗu na Hamisu ko ƙwarzane ba su yi ba. Hoton Hamisu a jingine da motar da ba tasa ba yana nan, kala goma sha biyu. Abu ɗaya ne kawai ya lalace, shi ne wanda yake buɗe lokacin da wuta ta tafi. Da Cha'ibu ya buɗe shi, shekara talatin da shida suka fito a matsayin ƙananan akwatuna, layi bayan layi, da wasu alamu masu kama da sawun kaza, da 'yar fuska guda mai murmushi a tsakiya. Cha'ibu ya ce zai iya tashinta kafin azahar, a wanke ta tas a zuba mata sabon hankali, ta yi sallama kamar da, sai dai ba za ta san kowa ba, akwatunan ma za su tafi. Malam ya daɗe yana duban 'yar fuskar nan. Ya ce abin da ya tashi bai san ka ba, ba tashi ya yi ba, baƙo ne ya shigo da rigar mamaci. Ya ce a rufe ta haka. A nan ta cika.

Ta rasu ta bar allon fuskarta, wanda yanzu ba ya nuna wa Malam komai sai tsohon da ke kallonsa. Ta bar kilabiye mai giɓin harafi biyu, da ɓera mai doguwar wutsiya, da 'yan lasifika tagwaye, ɗaya kurma tun haihuwa. Ta bar ragilater, wanda aka ɗauka musamman don ya yi gadinta daga sharrin wuta, yana nan da ƙoshin lafiya, fitilarsa kore, ba abin da ya dame shi. Ta bar Hamisu a Kano, wanda aka buga wa waya ya tambayi lafiyar waƙoƙinsa. Ta kuma bar tiya huɗu na irin gero a cikin tulu, an toshe bakinsa da toka da yumɓu, su ne abin da ya rage a gidan bayan shuka biyu da rana ta ƙone bara. In suka shiga ƙasa a ruwan ƙarya, babu na biyu.

Jiya Talata da la'asar aka yi ruwa. Malam ya fita ya tona ƙasa, danshi ya kai tsawon tafin hannu da ɗan ɗori. Kwana ashirin ke nan da saukar shamuwa. Ya san an taɓa yin shekara mai wannan kama, ya san ya rubuta ta, har yana tuna a shafin hagu take, kusa da inda koko ya ɗiga. Abin da bai tuna ba shi ne ko a shekarar an ci tuwo ko an ci tafasa. Wanda ya ba takarda ajiya, takarda ta ba inji, ba ya barin komai a kansa sai hula. Mutanen Dawce sun aiko a tambaye shi, a karo na farko ya ce a gaya musu bai sani ba, ɗan aiken ya ce wannan ce maganarsa da za su fi yarda da ita. Ladi kuwa, wadda ta rufe kaskon ƙosai tun da wake ya gagara, take dafa wa jikoki ganye da ɗan garin rogo, ta tsaya a ƙofar ɗaki da taɓarya a hannu.

"Malam, na yi maka ta'aziyya, Allah ya ba ka haƙuri. Amma geron nan, ko ƙasa ko turmi. Kafin Juma'a ka zaɓa, in ba haka ba na zaɓa maka."

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ya kuma roƙi Malam ya daina zuwa masa da irin waɗannan tambayoyi. Saboda haka ba wanka, ba likkafani. Gawar za ta zauna a kan teburinta a lulluɓe da zane, da akwatunanta a ciki, ko Allah zai kawo wanda ya iya karatunsu. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da kansu, an ga wanda ya fara zagaye tun shekaranjiya.

Za a yi sadakar uku gobe Alhamis. An fasa bakin tulu, an auni tiya ɗaya an ba Ladi ta daka gumba. Ana sanar da jama'a cewa gumbar ta 'yan cikin gida ce, mai zuwa ya zo da cikinsa a cike, in ya samu abin cikawa.

Zaman makoki kuwa ba a ƙofar gida za a yi shi ba. Za a karɓi gaisuwa a gonar Malam ta hanyar Dawce, daga an sallame asuba har rana ta take tsaka. Maza su zo da sungumi, mata su zo da ƙwarya. Tiya ukun da suka rage za su shiga ƙasa. Wanda ya iso zai tarar da Malam Shekara a kunyar farko, yana sara yana jefawa yana takewa, bai san ko ruwan zai dawo ba, kamar dai kowa.